Lacca: Saita kyamara daga filin Sallah zuwa zauren biki

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu ɗaukar hoto, abu na farko da nake so ya zauna mana shi ne, kyamara ba ta san abin da take kallo ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta aikinsa ɗaya ne: duk abin da ya gani, ya ja shi zuwa toka-toka, tsakanin fari da baƙi. A wurinmu kuwa, inda ranar Sallah kowa ke fitowa cikin farar shadda, wannan babbar matsala ce.

Ka tsayar da dattijo cikin babbar riga fara sol, rana tana tsaka, ka bar kyamara a oto. Za ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske. Rigar ta fito dishi-dishi, fuskar kuma, wadda dama rawani ya yi wa inuwa, ta yi duhu har idanu ba sa fitowa. Mutum ya biya kuɗi don ya ga fuskar mahaifinsa, ka ba shi riga. Ku nemi maɓallin nan mai alamar +/-, ku ƙara zuwa +1. Sai dai a lura da aikin wuyan rigar, domin idan ka wuce gona da iri zaren zai narke cikin farin, kuma abin da ya ƙone ko kwamfuta ba ta dawo da shi. Ni dai na fi son ka ce, "Baba, a ɗan matso inuwa." In ba hali, kunna filasha ko da rana ce, ta cike duhun ƙarƙashin rawanin.

Tun zamanin fim akwai ƙa'idar da ake bi in rana ta take: ƙofar haske (ramin da haske ke shiga ta cikinsa; ƙaramar lamba, babbar ƙofa) f/16, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/100 na daƙiƙa. Daga nan kake lissafi. A Hawan Daushe, in dawakai suka zabura, 1/100 ba za ta tsayar da su ba. Kai shota 1/1000, ka buɗe ƙofa zuwa wajen f/5.6 don ka rama hasken da ka rage. Da la'asar ta yi sanyi, ɗaga ISO zuwa 400 ko 800.

Lokacin hazo sararin sama fari ne fat, shi ma yana ruɗar ma'auni, don haka ka auna hasken a kan fuska.

To, zauren biki. Nan ne yawancinmu ke jin tsoron ISO, kuma wannan tsoron yana ɓata hotuna. Kai shi 1600, ko 3200 in ta kama, ka buɗe ƙofa f/2.8. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki amarya za ta karɓa, amma wanda fuskarta ta jirge saboda shota ta yi nauyi, ba ta da abin yi da shi.

Na'am, Malam? Yana tambaya kan layukan duhu da ke ratsa hoto a ƙarƙashin fitilu. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun kuma suna ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Sa shota a 1/50 ko 1/100, galibi za su ɓace.

Sai launi. Da K, wato Kelvin, ake auna launin haske: hasken rana wajen 5500K yake, ƙwan fitila mai jan haske wajen 3200K, inuwa kuma ta kai 7000K. In ka bar saitin WB (wato saitin daidaita launin fari) na waje ka shiga ɗaki, fatar amarya za ta koma ruwan lemo, jan lallen hannunta ya saje da fatar. Ɗauki farar takarda a ƙarƙashin fitilar zauren, ka nuna wa kyamara cewa wannan shi ne fari. Idan fitilun kala-kala ne, ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a nan kana iya gyara launin daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. Yanzu kowa ya ɗauko kyamararsa, mu fita tsakar gida mu gwada da farar rigar Malam.