Ku Kalli Ƙafar Baya

A ce muna kallon bidiyon wani mutum yana tafiya. Idon kowa na kan ƙafar da ya miƙa gaba. Shi ya sa in taku ya gajarta ko gwiwa ta fara ciwo, sai a sayo man zafi a yi ta murza gwiwar. To, bar ta gaban, mu kalli ta baya.

Bari a rage gudun hoton. Dunduniya ta sauka, tafin ƙafa ya kwanta, jiki ya bi ta sama. Kusan kashi 60 cikin 100 na taku, ƙafar a ƙasa take. Tsaya nan.

Kun ga ƙwauri ya karkata gaba alhali dunduniya na manne da ƙasa? Idon sawu ne ya ba shi hanya, wajen digiri 10. Ita kuma cinya ta wuce bayan jiki, digiri 10 zuwa 20 daga gaɓar kwatangwalo. A ido ɗan abu ne, amma tsawon takunka daga nan yake fitowa.

Ga wanda idon sawunsa ya sanƙare. Jiki ba zai tsaya ba, sai ya nemi wata hanya. Dunduniya ta ɗaga da wuri, ko ƙafar ta juya waje kamar ta agwagwa, gwiwa ta faɗo ciki. In kwatangwalo ne ya ƙi buɗewa, kamar yadda kan faru ga direba ko tela da ke yini a zaune, ƙasan baya ne zai lanƙwashe ya biya bashin. Gwiwa na tsakiyar idon sawu da kwatangwalo, ita ke shan wahala, ita kuma ake ɗora wa laifi.

Da ƙafar ta tashi tana wucewa gaba, akwai lokacin da tazarar yatsu da ƙasa ba ta wuce santimita 1 zuwa 2. Ka ga dalilin yawan tuntuɓe, da mai jan silifa, da mai zagayo da ƙafa ta gefe.

Abin da ke damuna shi ne wanda ya yi targaɗe ko karaya. A kwance ɗori, a ce Alhamdulillahi ya warke, ba wanda ya ce masa gaɓar na buƙatar motsi. Shekaru yana ɗingishi.

Gwada wannan. Fuskanci bango, babban yatsan ƙafa ya bar tazarar faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Tura gwiwa ta taɓa bangon, kar dunduniya ta ɗaga. Yi da ɗaya ƙafar. In ɗaya ta kai ɗaya ta kasa, ko da zafi ko kumburi, je wurin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuma tafi da tsohon takalminka ya ga gefen da ya fi cinyewa.