Awa ɗaya a rumfar POS, wai shi ke nan ya samu aiki

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, a Agege nake. Yau raina a ɓace yake wallahi.

Wata ɗalibar jami'a ce ta shigo layinmu da takardar tambayoyi, tana bincike kan yadda masu digiri ke samun aiki. Ta ce wa ƙanena, "Malam, a kwana bakwai da suka wuce ka yi aikin da aka biya ka, ko na awa ɗaya ne?" Ya ce ranar Asabar ya tsare wa wani rumfar POS. Nan take ta sa shi layin masu aiki. Yaron da ya karanta lissafi, ya gama bautar ƙasa, har yau ni nake sa masa kati a waya!

Ban ga laifinta ba, ma'aunin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta koma ke nan. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta ɗauki tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, sai ga shi an ce kashi 4.1 a farkon shekarar. Da can wanda bai kai awa 20 a mako ba, marar aiki ake ƙirga shi; yanzu awa ɗaya ta wadatar. Tambayar aka sauya, zaman kashe wandon yana nan inda yake.

Don haka ƙannena masu rubuta kundin kammala digiri, ina gargaɗinku. Kada ka jefa Google Form a zauren WhatsApp na ajinku ka ce ka binciki Legas. Masu data kaɗai ka ji. Taka ka je Mile 12, ka je Idi-Araba, ka yi tambayar da Hausa. Kuma fara gaida shugaban kasuwa tukuna, domin tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022, mutanenmu in sun ga biro da takarda sai su ɗauka haraji ne ko kora, ba za su faɗa maka gaskiya ba. Tambayi awa nawa, nawa ake biya, kuma aikin ya dace da abin da ya karanta?

Af, na tuna jarrabawar neman aiki da ƙanen nawa ya je yi a wani banki can Victoria Island, kuɗin mota kawai ya kusa dubu biyar. Jerin lambobi suka zuba musu: 2, 6, 12, 20, me ke biye? Talatin mana, tazarar ce ke ƙaruwa da biyu-biyu. Sai 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta, wanda ake jingina wa Fibonacci ɗan Italiya tun littafinsa na 1202. Kafin ƙiftawar ido ya gama. Kuma ba abin mamaki ba ne, mu 'yan Katsina gadonmu ne. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk sanda na ambaci sunansa sai kewar gida ta kama ni.

Ya ci jarrabawar, daga baya suka ce shekarunsa sun haura iyakar da suka sa. Wa ya ci shekarun? Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya lashe.

To ga abin bincike nan kyauta, ɗalibai: cikin waɗanda suka ci irin wannan jarrabawa, nawa ne aka mayar gida saboda shekaru, kuma nawa daga cikinsu 'yan jami'ar gwamnati ne? Wanda ya ɗauki wannan ya zo Agege, ni da kaina zan zagaya da shi.