Yadda Aka Kashe Wutar Yaƙin Laberiya a Teburin Sulhu

Ranar 4 ga Yunin 2003, shugabannin Afirka sun hallara a Accra, babban birnin Ghana, domin buɗe taron sulhun Laberiya. John Kufuor ne mai masaukin baƙi, kuma shi ke riƙe da shugabancin ECOWAS a lokacin. Shugaban Laberiya Charles Taylor ma ya zo. A wannan safiyar ne kotun musamman da ke binciken laifukan yaƙin Saliyo ta fito da takardar tuhumarsa fili, ta nemi a kama shi. Ghana ba ta kama shi ba. Jirgi ta ba shi ya koma gida a ranar. Taron da aka sha wahala kafin a haɗa shi sai ga shi yana neman watsewa tun ba a zauna ba.

Bayan wata biyu da rabi, wannan taron ne ya haifar da yarjejeniyar da ta tsayar da yaƙin shekara 14, kuma har yau yaƙin bai dawo ba. Abin da za mu duba a wannan bidiyon shi ne yadda hakan ta yiwu, domin kafin ita an sa hannu a kan yarjejeniyoyi fiye da 10, duk suka bi ruwa.

Mu koma baya kaɗan. Ranar 24 ga Disambar 1989, Taylor ya shigo yankin Nimba daga Kodebuwa da 'yan mayaƙa kaɗan, da niyyar kifar da Samuel Doe, sojan da ya ƙwace mulki a 1980. Kafin shekara ta zagayo yaƙi ya kai Monrovia, babban birnin ƙasar. ECOWAS ta tura dakarunta na wanzar da zaman lafiya, ECOMOG, a watan Agustan 1990, mafi yawansu sojojin Najeriya. A watan Satumba mutanen Prince Johnson, wani madugu da ya ɓalle daga Taylor, suka kama Doe suka kashe shi. Mutuwarsa ba ta kawo ƙarshen komai ba. Ƙasar ta dare gida-gida, kowane madugu ya kama yankinsa, yana sayar da katako da roba da lu'ulu'u yana sayen harsashi, yana ɗaura wa yara ƙanana bindiga.

Daga nan aka shiga yawon taro. Bamako, Lome, Yamoussoukro har sau 4, Kwatano a 1993, Akosombo a 1994, Abuja a 1995, Abuja kuma a 1996. A sa hannu, a rungumi juna a gaban 'yan jarida, a koma daji a ɗora daga inda aka tsaya.

Me ya sa? Ku lura da darasin da mayaƙan suka ɗauka daga waɗannan tarurruka: wanda ke da bindiga shi ake ba kujera. To, duk kwamandan da ya ga ba a sa da shi a rabo ba, sai ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar, don a gayyace shi taro na gaba. ULIMO, ƙungiyar mayaƙa masu adawa da Taylor, ta rabe biyu a 1994. Wasu sababbi suka ɓullo. Sulhun da ake yi don rage masu faɗa sai ya riƙa ƙara yawansu. A Abuja a 1995 aka kai abin maƙura, aka ɗauki madugan kansu, Taylor da Alhaji Kromah da George Boley, aka zaunar da su a majalisar ƙoli mai mulkin ƙasa. Suka shigo Monrovia da yaransu da makamansu. A watan Afrilun 1996 birnin ya kama da wuta.

An yi zaɓe a Yulin 1997, Taylor ya samu kusan kashi 75 cikin 100. Magoya bayansa suna rera cewa ya kashe uwata, ya kashe ubana, amma shi zan zaɓa. Mutane da yawa tsoro ne ya kai hannunsu kan hotonsa: sun san idan ya faɗi, daji zai koma. Duniya ta ce an gama, hankali ya koma wani wuri. Shi kuwa Taylor ya ƙi yarda ECOMOG ta sake fasalin sojan ƙasa, ya cika hukumomin tsaro da tsofaffin mayaƙansa, abokan hamayya suka tsere. A 1999 ƙungiyar 'yan tawayen da aka sani da LURD ta fara kai hari daga iyakar Gini. A farkon 2003 wata mai suna MODEL ta taso daga ɓangaren Kodebuwa. An yi zaɓe, amma ba a yi sulhu ba.

To, mu dawo Accra. Wanda ECOWAS ta ɗora wa nauyin shiga tsakani mutum ne da muka sani, Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban mulkin sojan Najeriya. Zaɓensa yana da ma'ana. Soja ne, madugai ba za su raina shi ba. Kuma shi ne mutumin da mulki ya zo hannunsa a 1998, ya miƙa wa farar hula a 1999. Idan ya ce wa mai bindiga ya haƙura da kujera, abin da ya riga ya aikata yake faɗa.

Ranar 17 ga Yuni aka sa hannu a kan tsagaita wuta. Ba ta ɗore ba. Sau 3 LURD ta afka wa Monrovia tsakanin Yuni da Yuli, har mutanen gari suka sa wa hare-haren suna yaƙin duniya na ɗaya, na biyu, na uku. Rokoki na faɗawa kan makarantu da coci-cocin da jama'a suka fake. Babu ruwan sha, kwalara ta ɓarke. Mutane suka kwaso gawarwaki suka jere a ƙofar ofishin jakadancin Amurka. A daidai wannan lokacin wakilan ɓangarorin suna otal a Accra, ana ba su kuɗin zama, suna ja-in-ja a kan wanda zai samu ma'aikatar kuɗi da wanda zai samu tashar jirgin ruwa. Kowa na jan ƙafa, yana jiran a bugo waya daga fagen daga a ce an ci wata gada, don ya ƙara farashinsa.

A nan ne matan suka shigo, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kansa.

Tun watan Afrilu, kafin a je Accra, mata suka fara zaman dirshan a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrovia, kan hanyar da ayarin motocin Taylor ke wucewa. Farar riga, farin ɗankwali, ba ɗan kunne, ba kwalliya. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, washegari su dawo. Leymah Gbowee, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ita ta tattaro matan coci. Asatu Bah Kenneth, 'yar sanda, ita ta tattaro matan Musulmi. Haɗuwar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin ana kallon LURD a matsayin ƙungiyar da Musulmi suka fi yawa a ciki, Taylor kuma yana nuna kansa mai kishin coci. Matan coci suka matsa wa limamansu, matan masallaci suka matsa wa nasu. Buƙatarsu ba ta da yawa: a tsagaita wuta, a zauna a tattauna, a kawo dakarun waje. Ba su nemi muƙami ba, shi ya sa babu wanda ya san da me zai saye su. A ƙarshen Afrilu Taylor ya gana da su, ya yi alkawarin zuwa taro.

Suka tara kuɗi suka bi wakilan har Ghana, matan da ke gudun hijira a sansanin Buduburam suka haɗu da su. Makonni suna zaune a waje da kwalaye. Da labarin ɓarin wutar Yuli ya iso, haƙurinsu ya ƙare. Mata kusan 200 suka shiga ginin, suka zauna a bakin ƙofar zauren, suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an cimma matsaya. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, sai ta fara kwance ɗankwalinta, ta ce tsirara za ta yi. Duk ɗan Afirka ya san nauyin uwa ta tuɓe a gabanka don baƙin ciki. Suka ja da baya. Kamar yadda ita Gbowee ta ba da labari, Abdulsalami ya fito ya saurare su, ya kuma tsawata wa wani madugu da ya nemi ya tsallake matan da ƙarfi, ya mayar da shi ciki.

Kada a ɗauka cewa zaman dirshan kaɗai ne ya kawo sa hannu. Amma ya sauya yanayin zauren. Mutanen da suka saba a ji tsoronsu sai ga su sun ji kunya, kuma mai shiga tsakani ya samu abin da zai matsa musu da shi.

Sauran abubuwan a waje suka faru. Taylor ya rasa mafi yawan ƙasar, takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya matse shi, ga tuhuma a wuyansa. 'Yan tawaye kuma sun ga cewa ko sun ci Monrovia da ƙarfi, babu ƙasar da za ta amince da su. Kowa ya kai inda ci gaba da faɗa ya fi tsayawa tsada. Sai Shugaba Obasanjo ya buɗe wa Taylor ƙofar fita, ya ba shi mafaka. Ranar 4 ga Agusta sojojin Najeriya na ECOMIL, sabuwar rundunar ECOWAS, suka sauka a Laberiya, jama'a suka tarbe su da murna. Ranar 11 ga wata Taylor ya miƙa mulki ga mataimakinsa Moses Blah, ya hau jirgi zuwa Najeriya, aka zaunar da shi a Kalaba. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu.

Abin da ke cikin takardar ba mai daɗin ji ba ne. A cikin ma'aikatu 21, an ba ɓangarori uku masu bindiga, wato gwamnatin Taylor da LURD da MODEL, 5 kowanne. A majalisar riƙo mai kujeru 76, kowannensu ya samu 12. Rabon ganima ne, babu wani suna da za a ba shi, kuma an yi sata sosai a wannan gwamnatin, har sai da ƙasashe masu ba da tallafi suka sa a ɗora jami'an waje su riƙa sa hannu a kan kuɗin hukumomi. Amma an koyi darasin Abuja. Kujerar shugaban riƙo an haramta wa masu bindiga. Jam'iyyu da ƙungiyoyin farar hula suka ba da sunaye, aka ɗauki ɗan kasuwa Gyude Bryant, da sharaɗin ba zai tsaya takara ba. An sa wa'adi, shekara 2, sai zaɓe. A ganina wannan shi ne hikimar yarjejeniyar: an ba madugai abin da zai sa su ajiye bindiga, an hana su abin da zai sa su dawwama.

Sai kuma tambayar da ke kashe yawancin sulhu: idan na ajiye tawa, wa zai hana abokin gabana ya yanka ni? Amsarta ita ce rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, UNMIL, mai sojoji har 15,000, wadda ta karɓi aiki ranar 1 ga Oktoban 2003. Karɓar makamai ma da tuntuɓe ya fara. A Disamba aka buɗe sansani ba tare da cikakken shiri ba, mayaƙa suka yi dafifi, suka yi bore, aka rasa rayuka, aka dakatar sai Afrilun 2004. A ƙarshe mutum fiye da 100,000 suka bi layi, kowa da alkawarin dala 300 da koyon sana'a, amma bindigogin da aka tara ba su kai 30,000 ba. Lissafin bai yi daidai ba, kowa ya sani. Abin da aka samu shi ne an raba yaran da kwamandojinsu. Aka rushe tsohuwar rundunar soja aka gina sabuwa daga tushe, kuma wani hafsan Najeriya, Manjo Janar Suraj Abdurrahman, ya jagorance ta daga 2007 zuwa 2014.

A 2005 Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da George Weah, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. UNMIL ba ta yi gaggawar tafiya ba, sai Maris na 2018. Weah ya karɓi mulki a wannan shekarar, ya faɗi zaɓen 2023, ya amince da kaye tun ba a gama sanar da sakamako ba.

Akwai bashin da ba a biya ba, kuma mai nauyi ne. An ƙiyasta mutum kusan 250,000 suka mutu, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba a lokacin. An kama Taylor a Gamboru Ngala a jihar Borno ranar 29 ga Maris 2006 yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, aka yanke masa shekara 50 a 2012, amma a kan abin da ya faru a Saliyo. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Laberiya ta fitar da rahotonta a 2009, ta ba da shawarar kafa kotun laifukan yaƙi, ta kuma ce a hana wasu riƙe muƙami, har da Sirleaf. Aka ajiye rahoton. Prince Johnson ya zama sanata, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 2024. Matar da aka kashe mata 'ya'ya tana ganin wanda ya ba da umarnin yana wucewa a motar gwamnati. Ba na jin akwai wanda ke da hurumin ce mata ta manta, kamar yadda ba na jin da an dage a kan shari'a a Agustan 2003 da madugan sun sa hannu.

A watan Mayun 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a kan umarnin kafa ofishin da zai shirya kotun laifukan yaƙi da na tattalin arziki, shekara 21 bayan Accra. Aikin da aka ɗora wa ofishin shi ne tsara dokar kotun da nemo kuɗin gudanar da ita, alhali da yawa daga cikin waɗanda za su ba da shaida tsufa ya fara kama su.