Gwajin hoton allo: wayar Alhaji za ku ɗauka, ba taku ba

Assalamu alaikum jama'ar ta Dikko ɗakin kara, barkanku da war haka. Daga Balin ta ƙasar Jamus nake magana, ƙarfe huɗu da rabi ne kacal amma duhu ya rufe, shi ya sa kuka ga fitila a kunne. Bidiyon yau amsa ce ga ƙannena na Ƙofar Ƙaura, samarin nan da ke haɗa manhajar rubuta bashi ta 'yan kasuwar hatsi. Sun ce, yaya, duk sanda muka gyara shafi ɗaya sai wani ya karkace, ba ma sani sai ɗan kasuwa ya bugo waya yana faɗa. To ga yadda muke magance wannan a wurin aikina.

Wani ƙaramin gwaji kake rubutawa, ya buɗe shafi guda na manhaja, ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ka duba da idonka, in ka gamsu, hoton ya zama ma'auni. Daga nan duk wanda ya taɓa kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, kwamfuta za ta sake zana shafin, ta ɗora sabon hoto a kan tsohon, ta bi su ɗigo-ɗigo. In sun saɓa, gwaji ya faɗi, ta fito maka da hoto na uku mai nuna inda aka samu bambancin. Kamar tela ne da ya riƙe tsohuwar rigarka yana auna sabuwa da ita.

Dabarar ta daɗe. Tun 2015 Facebook suka saki nasu kayan gwajin na Android, amma shi sai da waya, ko wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta. Wadda duk ya taɓa kunna ta a laftof mai ƙaramin ƙarfi ya san zancen, fanka na ihu, batir na zuba, ga wuta ba tabbas. Shi ya sa ku na fi ba ku shawarar Paparazzi, wanda Cash App suka yi, ko Roborazzi. Duka biyun a kan kwamfutarka suke zana shafin, ba waya ko ɗaya. Google ma sun fito da nasu na Compose, wato kayansu na gina shafukan manhajar Android, a 2024. Masu Flutter kuwa, wani kayan gina manhaja na daban, abin yana nan cikin kayan gwajinku tun asali.

Bari in juyo muku allon. Kun ga wannan shafin? Sunan mai bashi a sama, kuɗi a dama, maɓallin biya a ƙasa. Tsaf. Buhu ɗaya aka rubuta, kuɗin bai da yawa, allon babba. Yanzu ku dubi na biyu. Shafin nan ne dai, amma na ƙanƙanta allon, na sa ₦12,450,000, na kuma ƙara girman rubutu. Ina sifilin ƙarshe? Ya shige bayan maɓalli. Dillali ya duba ya ga miliyan ɗaya da wani abu, alhali miliyan goma sha biyu ake binsa. Kod ɗin lissafi lafiyarsa lau, duk gwajin lissafi zai wuce, ido kaɗai ke kama wannan.

Nan ne nake so ku tsaya. Gwajin ba ya ganin komai sai abin da kuka ɗauka. In hoton wayarku kawai kuka ajiye, kun tabbatar ne manhaja tana yi muku kyau ku kaɗai. Alhajin da ke zuwa kasuwar Charanci ko Mai'adua, Itel ko Tecno ce a aljihunsa, kuma ɗansa ya riga ya ƙara masa girman rubutu saboda ido. Android 14 tana bari a ninka shi har kashi 200 cikin 100. Ku ɗauki hoto a haka. Ku sa suna mai tsawo, irin mai Alhaji a gaba da sunan gari a baya, ku ga ko layin zai ɗauka. Ku ɗauki shafin da babu ko mai bashi ɗaya, da na lokacin da netwok ya ɗauke. Ranar da kuka ƙara Ajami kuwa, komai zai koma daga dama zuwa hagu, sai sabbin hotuna.

Sai batun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ba kowane salon haruffa ke da su ba, wani sai ya aro daga wani salon, ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma, wani kuma akwati zai nuna. Paparazzi ba ya amfani da haruffan da kamfanin waya ya zuba, don haka ku saka naku salon a cikin manhajar, irin su Noto, abin da gwaji ya gani shi Alhaji zai gani. 'Yan Flutter ku kula, in ba ku loda salon gaske ba, gwajinku akwatuna zai zana a madadin duk rubutu, ya kuma ce komai daidai.

Abin da zai ba ku haushi a farkon nan shi ne faɗuwar banza. Shafi mai nuna agogo gobe zai saɓa da na yau, sai ku daskarar da lokaci a cikin gwajin. Hoton da aka ɗauka a Windows kuma yana iya bambanta da na Linux a gefen haruffa, ku zaɓi na'ura ɗaya ta riƙa ɗauka.

Ni abin da na fi tsoro shi ne gajiya. Hotuna talatin sun faɗi, dare ya yi, mutum ya buga umarnin sake ɗauka, duk suka koma kore, alamar gwaji ya wuce, har da mai ɓataccen sifilin. A wurinmu wanda ya canza hoton ma'auni ba shi ke amincewa da shi ba, sai wani ya buɗe tsoho da sabo ya gani. Ku uku ne, ku yi hakan.

Ku turo min irin wayoyin da 'yan kasuwarku suka fi riƙewa, bidiyo na gaba da girman allonsu zan yi, in kuma nuna yadda ake ɗora gwajin a GitHub, dandalin da ake ajiye kod a intanet, ya riƙa gudana da kansa. A gaida mutanen gida.