Injin Mazda a jirgin sama: maganar mai ce mai wuya

Assalamu alaikum jama'a. Ku kalli wannan injin da ke gabana, 13B ne na Mazda RX-7, babu fistin ko ɗaya a cikinsa, wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku suke juyawa. Ƙarami ne ga ƙarfi, shi ya sa masu haɗa jirgi a gida, musamman a Amurka, suke sonsa.

To amma fa yadda yake shan mai a mota ba zai yi a sama ba. Mota in fanfon mai ya mutu sai ka gangara gefen titi ka kira bakanike daga Kofar Ruwa, a sama ina gefen titin? Don haka fanfo biyu ake sawa na lantarki, kowanne da filtarsa da wayarsa daban, ɗaya ya mutu ka kunna ɗayan.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne zafi. Salansar wannan injin wuta ce, ga rana irin ta Kano a Afrilu da ke haura digiri 40, fetur sai ya fara tafasa a cikin tiyo ya zama tururi, fanfo kuma ba ya iya tura tururi, kawai sai ka ji injin yana tari. Kana ƙara sama iska na raguwa, fetur ɗin na ƙara saurin tafasa. Maganinsa, fanfon ya zauna ƙasa da tanki nesa da salansa, sannan ragowar man da nozul bai sha ba a mayar da shi tanki ta wani tiyon ya huce. Man 'yan bunburutu kuwa ko kusa.

Sai baƙin mai. Injin nan dole ya ƙona ɗan kaɗan saboda ƙarafan da ke bakin kusurwoyin nan kar su cinye. Da yawa cire ɗan fanfon Mazda da ke ba shi baƙin man suke su zuba man tu-sitirok kai tsaye a fetur, kamar dai ƙaramin janaretan shago.

Birenbos ɗin motar ma, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, canza shi ake, a sa wanda matuƙi zai iya rage mai da hannu in ya yi sama. Kuma kafin taya ta bar ƙasa sai da izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya. Matso da kyamara nan ku ga inda tiyon yake komawa tanki.