Sharhi: Bayan Tiyatar Kwatangwalo, Ƙafa Ce Ke Ba Da Shaida

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa zaman jugum a ƙofar ɗakin tiyata ya san maganar da kunne ke jira: likita ya leƙo, ya zame takunkumin fuskarsa, ya ce an yi aiki lafiya. Sai a yi ta hamdala. To amma a aikin kwatangwalo da gwiwa, tsugune ba ta ƙare ba. Ainihin sakamakon sai bayan wata shida ko shekara guda, ranar da za a ga ko mutumin nan yana iya miƙewa daga kujera ya kai kansa banɗaki ba tare da an tallafe shi ba.

Aiki iri biyu ne ake yawan haɗawa a baki, alhali ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne sauya gaɓa, wanda ake sa wa rana. Guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙashi ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, barci ya gagara. Yawanci amosanin gaɓɓai ne ke jawo haka, a wasu matasa kuma ciwon sikila, wanda ke toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu. Likita zai yanke wannan kan, ya soka ƙarfe mai ƙwallo a cikin ramin ɓargo, ya dasa wani kofi a gurbin ƙugu.

Wanda ya daidaita wannan dabara shi ne John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke Ingila. Bai dace a karon farko ba. Robar Teflon da ya fara yin kofin da ita ta riƙa zaizayewa a jikin mutane, dole ya sake buɗe da yawansu. A 1962 ya koma wata roba mai tauri, ya liƙe ƙarfen da simintin ƙashi, kuma a kan wannan tubali ake gini har gobe. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na kwatangwalon da aka sauya suna kai shekara 25, na gwiwa kuma kusan kashi 82.

Sai dai daɗewar ƙarfe daban, jin daɗin mai shi daban. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa yana ci gaba da jin ciwo ko bai gamsu ba, ko da hoton ƙashi ya fito tsaf. A ganina, likitan da bai faɗa wa majinyaci wannan kafin aiki ba ya rage shi da wani abu. Shi ya sa ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suke ajiye rajistar duk gaɓar da aka dasa. Suwidin ta fara ta gwiwa a 1975, ta kwatangwalo a 1979. Irin wannan rajista ce a Ostireliya da Birtaniya ta tona asirin wani samfurin kwatangwalo mai ƙarfe a kan ƙarfe, aka janye shi daga kasuwa a 2010.

Aiki na biyu kuwa, na karayar kwatangwalo, ba ya sallama, kuma a nan hankalina ya fi karkata. Dattijuwa ce ta zame a tsakar ɗaki da asuba, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya. Ita ta kasa tashi. Idan aka duba, ƙafar ta ɗan gajarce, tafin ya kwanta ya juya waje. Ƙashin ya riga ya yi holoƙo saboda tsufa, abin da ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na masu wannan karaya mata ne. Idan wuyan ƙashin ne ya karye ya goce, jini ya daina kaiwa ga kan, ɗori ba zai kama ba, sai a sauya shi. Idan ƙasa da wuya ne, sai a ɗaure da ƙusa da faranti, ko a zura ƙarfe a tsakiyar ƙashin.

A nan 'ya'ya kan ja baya. Tsohuwa ce, in ji su, ba za ta iya ɗaukar tiyata ba, a bar ta ta kwanta ta huta. Tausayi ne, babu shakka, amma kwanciyar ce ke kisa. Cikin kwanaki kaɗan majina ta taru a huhu ta zama nimoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya ɓalle zuwa huhu, gadon baya ya yi gyambo, naman cinya ya zube, hankali ya rikice har ta daina gane jikokinta. Ko da an yi aiki, kusan mutum biyu zuwa uku cikin goma na tsofaffin da suka samu wannan karaya ba sa kai shekara, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiyarsu ta da.

Saboda haka ne tun 2011 ƙa'idar Birtaniya ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari, a kuma tayar da shi tsaye kwana ɗaya bayan tiyata. Ku dubi wannan tashi na farko: ma'aikacin gashin ƙashi a gefe guda, nas a ɗaya gefen, tsohuwa ta damƙe abin dogarawa da hannu biyu, tana cije leɓe, taku uku kawai ta koma ta zauna tana haki. Mai kallo zai ce rashin imani ne. Wannan taku uku yana cikin maganin, daidai da wuƙar likita.

Abin da aka fi yin sakaci da shi yana zuwa ne ranar sallama. An gyara karaya, amma raunin ƙashin da ya haddasa ta yana nan daram, ɗaya kwatangwalon kuma yana jiran tasa faɗuwar. Akwai magungunan ƙarfafa ƙashi. Wani gwaji da aka buga a 2007 ya nuna cewa ƙarin ruwan maganin zoledronate sau ɗaya a shekara, bayan aikin karayar kwatangwalo, ya rage sabuwar karaya da kashi 35 cikin ɗari, ya rage mace-mace da kashi 28. Duk da haka, majinyata da yawa a faɗin duniya suna barin asibiti da takardar ranar cire zare da ƙwayar rage ciwo, babu wanda ya yi musu maganar ƙashin.