Wa ke cin kuɗin dutsen?

Bashir: To jama'a barkanmu da warhaka. Tun da Nepal ta ƙara kuɗin izinin hawan dutsen Everest saƙonni suke ta shigowa wai sai mun taɓa zancen.

Sadiya: Daga dala 11,000 zuwa 15,000 fa, tun Satumbar 2025. Mutum ɗaya, takarda kawai.

Bashir: Kuma takardar nan a Kathmandu, babban birnin Nepal, ake bugata, can kuɗin ke fara sauka. Su 'yan ƙabilar Sherpa da ke ɗaukar kaya suna kafa igiya a kan ƙanƙara, sai abin da aka yago musu. Ku tuna 2014, ƙanƙara ta rufto ta kashe masu rakiya 16 rana ɗaya, gwamnati ta ce za ta ba kowane iyali rupi 40,000, wajen dala 400 kenan, mutanen suka ce to bana babu hawa, kuma haka aka yi, kakar ta watse.

Habu: Ni dai ko kyauta aka ce in hau ba ni zuwa. Bene hawa biyu ma haki nake.

Sadiya: Yaya Habu ai ranar nan a hawa na ɗaya ka zauna.

Habu: Waya nake amsawa!

Sadiya: Wayar da ke caji a ƙasa?

Bashir: Kai ku bari mana. Tsawon Everest mita 8,848.86 ne fa.

Habu: Wannan ɗigo 86 ɗin ne zai ƙarasa ni.

Bashir: Ai shi kansa siyasa ne, sai a 2020 Sin da Nepal suka yarda da tsawo ɗaya suka sanar tare, da can kowa da nasa awon. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai Ladakh ne, wani yankin tsaunuka a arewacin Indiya. 2019 Indiya ta cire su daga jihar Jammu da Kashmir, a Leh babban garinsu har murna aka yi, sai daga baya suka farga ba su da majalisar dokoki, daga Delhi ake juya komai. Ga otal-otal suna ta tashi a wurin da ruwan sama ma da ƙyar, to wa zai ce wannan fili a gina wancan a bari? Shi ya sa Sonam Wangchuk, ɗan gwagwarmayar yankin, ya yi yajin cin abinci na kwana 21 a Maris ɗin 2024.

Sadiya: Amma Bashir baƙin nan masu yawon buɗe ido su ke kawo titi da aiki, kar mu mai da su dodo.

Bashir: Ban ƙi ba, amma titin wa ya zana inda zai bi?

Sadiya: Mun ce za mu rufe da Bhutan da harajinsu na dala 100 kowane dare a kan 'yan yawon buɗe ido...

Habu: Batir ɗin nan saura kashi uku fa.

Bashir: To sai wani makon. Habu, gangara ka ɗauko caja.